Gajiyar Ƙafa Ga Sabon Mai Gudu

A kowace shekara, da zarar an sa ranar gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, mukan ga filin wasa ya cika maƙil da 'yan gudu. Kafin a yi mako biyu rabinsu sun watse. Wasu suna ɗingishi, wasu kuma sun yanke wa kansu hukunci cewa gudu ba nasu ba ne. Mu malaman da muke fita da su mun lura cewa yawancinsu ba ragwaye ba ne. Abin da ba su sani ba shi ne gajiya iri biyu ce: akwai wadda ake jurewa, akwai wadda dole a tsaya saboda ita.

Ta farko ita ce tsamin jiki. Ɗalibi ya yi gudu ran Litinin lafiya lau, ran Laraba ya tashi cinyoyi da sha-raɓa sun yi nauyi, tsugunno ma ya gagare shi. Dalili shi ne tsokar da ba ta saba da aiki ba takan sami 'yan ƙananan tsagewa da ido ba ya gani. Ciwon yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan gudun, ya lafa cikin mako guda. A lokacin hutu ne jiki yake ɗinke tsokar, ta fi da ƙarfi. Ashe ke nan hutu ma wani ɓangare ne na horo. Duk wanda ya taɓa fita noman fari bayan ya shafe rani bai riƙe fartanya ba ya san wannan tsami, ya kuma san ba ya hana noma na biyu.

Maganinsa sannu a hankali. Sabon mai gudu ya fara da kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ya yi sassarfa ta minti biyu, tafiya ta minti biyu, har minti ashirin. Idan ba ya iya magana da abokinsa saboda haki, ya yi sauri da yawa. Ƙari kuwa kaɗan kaɗan ake yi, mako bayan mako. Ranar da ƙafa ta yi tsami, tafiya a hankali ta fi kwanciya amfani.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Talata Mafara yakan wuce digiri 40, saboda haka a fita da sassafe ko da yamma liƙis. Da hunturu ma iska tana busar da gumi, mutum ya yi asarar ruwa bai sani ba. A duba fitsari: idan ya yi ja sosai, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya yi gumi da yawa ya haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Bayan gudu a ci abinci: tuwo ko fura domin ƙarfi, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli ko nono domin gyaran tsoka, zogale domin jini. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Masu azumi su sassauta horo. A kuma tsaya a filin makaranta ko cikin gari, a ƙungiyance, saboda halin tsaro.

Gajiya ta biyu ita ce mai gargaɗi. Idan ciwo yana wuri ɗaya a ƙashin ƙwauri har ana iya nuna shi da yatsa, ko gwiwa ta kumbura, ko ciwon yana ƙaruwa ana cikin gudu, a tsaya. Haka nan jiri, ciwon ƙirji, zazzaɓi, ko fitsari mai launin baƙin shayi. Waɗannan na ma'aikacin lafiya ne, ba na juriya ba ne. Mai ciwon sikila kuma ya sanar da malamin wasanni tun kafin ya fara.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Tun da aka kammala madatsar ruwan Bakalori a 1978, hanyoyin ruwanta suke shayar da gonaki a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Bayan gudu, babu abin da ke jan yaro kamar ya faɗa cikin ruwan nan. Amma a irin wannan ruwa ne dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya yake zama. Tsargiya tana sa fitsarin jini, jini ya ragu, yaro ya riƙa gajiya tun kafin a zagaya fili sau ɗaya. Idan hutu da abinci ba su kawar da gajiya ba, a je a gwada jini da fitsari. Ciwon yana da magani.

Tsayawa ba abin kunya ba ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren kilomita 42 a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964. Amma a Meziko a 1968 ya fita daga tseren tun bai kai rabi ba, saboda rauni a ƙashin ƙafa. Idan ƙafa ta tsayar da gwani irin wannan, ɗan aji ɗaya ba shi da dalilin ɓoye ciwo don gudun dariyar abokai.

Saboda haka muna kira ga waɗanda suka bar fili bana su dawo baɗi, su fara tun farkon zango, ba ana saura mako biyu ba. Manyan ɗalibai kuma kada su tilasta wa ƙannensu bin sawunsu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.