Majigin Ɗan Sandan Da Ke Dasa Shaida

A cikin wasannin majigi da Turawan Amurka suka shirya game da 'yan sanda marasa gaskiya, ba mu ga wanda ya kai Touch of Evil ba, wanda Orson Welles ya tsara, aka fara nuna shi a 1958. Baƙi da fari ne, galibinsa kuwa da dare aka ɗauka.

Labarin ya auku ne a wani gari na kan iyakar Amurka da Meksiko. Wani ya sa nakiya a bayan motar wani attajiri, na'urar ɗaukar hoto ta bi motar nan fiye da minti 3 ba yankewa, har ta ƙetare iyaka ta fashe. Aka damƙa binciken ga Kyaftin Quinlan, tsohon ɗan sandan ciki, ƙato, mai ɗingishi da sanda. Welles da kansa ne ya fito a matsayinsa.

To, ga inda maganar take. Quinlan ya zargi wani saurayi, Sanchez, aka binciki ɗakinsa, sai ga sandunan nakiya 2 a cikin kwalin takalmi. Amma Vargas, ma'aikacin gwamnatin Meksiko, ya riga ya ture kwalin nan bisa kuskure, ya ga ba kome a ciki. Watau dasa su aka yi. Charlton Heston ne Vargas, an shafa masa duhu a fuska don ya yi kama da mutumin Meksiko, abin da ba mu ga ya dace ba.

Malaman ofis za su so su lura da abin da Vargas ya yi. Ɗakin ajiyar takardu ya nufa, ya zauna yana buɗe tsofaffin fayilolin shari'u, ya tarar sau da yawa Quinlan ko abokin aikinsa Menzies ne ke gano shaida, waɗanda ake tuhuma kuwa suna musun sun taɓa ganinta. Daga baya Quinlan ya shaƙe wani ɗan ta'adda, ya mance sandarsa a ɗakin. Menzies ya tsinta, ya yarda ya ɗaura na'urar ɗaukar magana a jikinsa don a kama maigidansa. Dukansu biyu suka halaka.

Sai can ƙarshe aka kawo labari Sanchez ya amsa laifinsa. Lalle Welles bai sauƙaƙa wa mai kallo ba a nan. Ashe hasashen Quinlan daidai ne, amma shaidar ƙarya ce, kuma ba mai iya bambance masu laifi da marasa laifi cikin waɗanda ya ɗaure a dā.

Kamfanin Universal ya yanke majigin, ya ƙara waɗansu sassa ba da yardar Welles ba. Ya rubuta musu takarda mai shafi 58 yana roƙon a gyara. Sai a 1998 aka sake haɗa shi bisa takardar nan, shekara 13 bayan rasuwarsa.