Sufetocin Makarantu a Yankin Funtua da Malumfashi

Aikin sufeto, wanda a yau ake kira tabbatar da ingancin ilimi, shi ne ziyartar makaranta domin duba rajistar ɗalibai da littafin tsara darasi na malami, da zama a aji a ga yadda ake koyarwa, sannan a kai wa gwamnati rahoto da shawara. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, nauyin wannan aiki ya ƙaru a kan Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB.

A yankin Funtua da Malumfashi, inda noman masara da dawa da auduga ke riƙe da gidaje, abin da ya kamata a sa gaba kowace shekara shi ne halartar yara, domin ajujuwa kan ragu da kaka idan aka tafi da su gona. Na biyu shi ne tsaro, musamman bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020. Rahoton sufeto kuwa ba ya amfani sai gwamnati ta mayar da shi malamai da kujeru da katanga.