Harshen Mahaifina Ya Karkace, Ya Sallarsa?

Tambaya: Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Bompai. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya karkace dama, ra'un da lamun ba sa fita a Fatiha. Sallarsa ta yi?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Harshe ba shi da ƙashi, tsokoki takwas ke sarrafa shi. Babbarsu, wadda likitoci ke kira jeniyogulosas, ta taso daga cikin ƙashin haɓa ta bazu cikin harshe kamar mafici, hagu da dama. Ita ke turo shi waje. Idan ta dama ta raunana, sai ta hagu ta rinjaye ta, ta tura harshen dama. Malaman tajwidi sun ƙidaya mafita 10 a harshe, na haruffa 18, dole karatu ya taɓu.

Sallarsa ta inganta, ya karanta yadda ya iya, babu ramuwa. Limanci dai ya bar wa wani.

Wannan tsokar ce kuma ke hana harshe toshe maƙogwaro. In ya suma, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa cokali ko ruwa a bakinsa, ku garzaya asibiti.

Wallahu a'alam.