Me Baƙin Mai Ke Yi a Cikin Injin Ban Ruwa?

Duk wanda ya taso a yankinmu na Funtua da Malumfashi ya san ƙarar injin ban ruwa a lokacin noman rani, musamman a bakin madatsar Mairuwa. Ya kuma san tashin hankalin manomi ranar da aka ce inji ya buga, ga tumatir ya fara fure. Wannan ne ya sa na zaɓi gogayyar ƙarfe a cikin inji a matsayin aikina na kammala difloma.

Tsakanin zoben fistin da bangon silinda akwai shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, nesa ma. Ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ido ba ya ganinta yayin da inji ke aiki, shi ya sa ake kwaikwayon ta a kwamfuta. Lissafin da ake amfani da shi Osborne Reynolds ne ya fitar da shi a Ingila a 1886. Za ka ba kwamfuta gudun fistin, nauyin da ke kansa da kaurin mai, ita kuma ta zana maka yadda shimfiɗar ke ƙaruwa da raguwa.

Abin da zanen ke nunawa shi ne, idan fistin na gudu, kan mai yake shawagi. Amma a ƙarshen hawa da ƙarshen sauka sai ya tsaya cak kafin ya juya. Injin da ke juyi 3,600 a minti yana wannan tsayawar sau 120 a daƙiƙa ɗaya. A nan shimfiɗar ke sirancewa, musamman can sama inda wuta take. Shi ya sa in makanike ya buɗe inji, saman silinda ne ya fi cinyewa.

To, ƙara zafi a lissafin, sai mai ya tsinke, shimfiɗar ta ƙara raguwa. Ƙurar hunturu kuwa, in ta wuce matatar iska, ƙwayarta ta fi shimfiɗar kauri, sai ta riƙa kankare ƙarfe.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, in kun je gida hutu, ku gaya wa su Baba: a yi juye a kan lokaci, a wanke matatar iska, a guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba. Kuɗin litar mai bai kama ƙafar kuɗin sabon inji ba.