Alƙalamin mai rubuta manhaja da gonar aro

Matashin da ya baro Tirmini, ya bi kwalta zuwa Damagaram don koyon rubuta manhajar kwamfuta a Jami'ar André Salifou ko a wata cibiyar koyo, zai tarar ba da Word ake wannan aiki ba. Malam zai sa shi buɗe wata ƴar manhaja mai fili fayau, lambobi jere a gefen hagu, ba ado ba ƙawa. Ita ce alƙalamin masu wannan sana'a, a cikinta suke wuni.

Dalilin raba su mai sauƙi ne. Word kan cusa wa rubutu wasu alamomi da ido ba ya gani, na girman harafi da launi da tsarin shafi. Ita kuwa kwamfuta, idan umarni za a ba ta, tsurar rubutu take so. Waƙafi guda ya ɓace, aiki ya tsaya cak. Shi ya sa manhajar masu sana'ar ke ba kowane irin kalma launinta, ta ƙidaya layuka, ta nuna maka bakar da ka buɗe ka manta ba ka rufe ba.

To, wannan alƙalami sai da na'urar da zai zauna a kai. A 2009 kamfanin Google ya sanar da wata uwar manhaja mai suna Chrome OS, a 2011 kuma kwamfutocin farko masu ɗauke da ita, wato Chromebook, suka shiga kasuwa. Dabarar ita ce komai a yi shi cikin burauza, taga ɗaya da ake leƙa intanet. Na'urar tana da araha, tana tashi nan da nan, batirinta na jimawa. Wanda ya ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023 ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar batiri ba. Sai dai waɗanda suka ƙera ta sun ɗauki intanet kamar iskar shaƙa. A ƙauyukanmu kuwa rezo sai an neme shi, a sayi na jika guda a riƙa lallaɓa shi.

Nan ne wata manhajar rubutu mai suna Caret ta yi farin jini. Wani Ba'amurke, Thomas Wilburn, ya rubuta ta, ya kwaikwayi fasalin Sublime Text, wadda ta kuɗi ce kuma tushenta a rufe. Caret kyauta ce. A lokacin, da ka sauke ta sau ɗaya, shi ke nan, tana aiki ko babu intanet, tana ajiye rubutunka a cikin na'urarka. Bai ma fara ta daga tushe ba: ya ɗora ta ne a kan Ace, wani injin rubutu da wasu suka gina suka bar shi a buɗe ga kowa.

Wannan kalma ta buɗewa tana son a tsaya a kanta, don mutane da yawa sun ɗauka ma'anarta kyauta kawai. Ba haka ba ne. Ana nufin umarnin da aka rubuta aka gina manhajar yana fili, kowa na da izinin karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Mutanen Damagaram sun san amfanin haka tun kafin a haifi kwamfuta. A zamanin Sarki Tanimu, maƙeran birni sun ƙera igwa a nan gida, ba su tsaya ga abin da fatake suka ƙetaro hamada da shi ba. Maƙeri ba ya koyon abin da aka hana shi kwancewa. Ɗalibin da ke da manhaja buɗaɗɗiya yana da kayan aiki, yana kuma da littafin karatu a cikin abu guda, domin zai iya leƙawa ya ga yadda gwanaye suka ɗaure layi da layi. Idan yana son maɓalli guda ya riƙa fitar masa da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, waɗanda allon tafi-da-gidanka na Faransa bai san da su ba, ba sai ya jira wani kamfani ya tuna da Hausa ba. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma labarin Caret yana da ɗaci, kuma ni a ganina ɗacin ya fi zaƙin koyarwa. An gina ta ne a kan wani tsari na Google na manhajojin da ke zaune cikin burauzar Chrome. A 2016 kamfanin ya ce zai janye tsarin daga Windows da Mac da Linux. A farkon 2020 ya ce Chromebook ma za ta bi sahu. Manhajar ba ta lalace ba, tushenta na nan a buɗe, amma ƙasar da take tsaye a kai ta wani ce. Manomin da ya kai taki gonar aro, ya yi shuka, ya yi noma, ran da mai gona ya ce yana son abinsa, irin da ke cikin sanho kawai zai ɗauka ya tafi. Irin a nan shi ne tsurar rubutun nan da aka raina: fayil ɗin da ka rubuta da Caret zai buɗe a kowace manhaja, a kowace na'ura, bana da baɗi.

Mai Chromebook a yau yana da wasu hanyoyi. Tun 2018 ana iya kunna Linux a cikinta, a sa Visual Studio Code na Microsoft, wanda aka buɗe tushensa a 2015, ko kuma tsohon soja Vim. Shi Vim tun 1991 yake. Mai shi, Bram Moolenaar ɗan Holan, bai nemi ko dala ba, sai dai ya roƙi masu amfani da shi su taimaki yara marasa galihu a Yuganda, har ya rasu a 2023. Akwai kuma Visual Studio Code na cikin burauza da ya fito a 2021, amma wannan na mai wadatar rezo ne.

Wanda ke da tsohuwar kwamfuta ƴar Kwatano da ta fara nauyi yana iya ɗora mata ChromeOS Flex, da aka saki a 2022. Tana bukatar ƙwaƙwalwa mai giga 4 da ma'aji mai giga 16. Mai shirin sayen Chromebook ta hannu kuma ya kunna ta a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi. Da yawansu daga makarantun Turai da Amurka suka fito, wasu har yanzu a ɗaure suke da makullin makarantar. Irin wannan ba za ta yarda ka shiga da sunanka ba, balle ta bar ka ka kunna Linux.