Safaya Ba Ado Ba Ce

A daminar bara, tayar motata ta fashe tsakanin Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya. Da na ciro safaya sai na tarar babu iska, domin na shekara uku ban dube ta ba. Wani mai faci daga Kusada ya kawo mini ɗauki, ya kuma nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar da ta fashe: 2314, wato an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Ni malamin ilimin harshe, ashe wannan rubutu ya gagare ni! Roba tana tsufa ko ba ta taka kwalta ba. Saboda haka, mai karatu, karanta shekarun tayar Beljiyam kafin ka biya, ka kuma auna iskar safaya kafin ka kama hanya.