Daga Zobe Zuwa Saƙa: Yadda Hanyoyin Rumbun Bayanai Suka Sauya

A manyan cibiyoyin bayanai, sau da yawa faya-fayan ajiya ba sa zama cikin kwamfutocin da ke amfani da su. Rumbunsu daban yake, kuma akwai hanyar sadarwa ta musamman, wato SAN, da ke haɗa shi da uwayen garke. Tsarin Fibre Channel, wanda ake gina SAN da shi, kuma hukumar ANSI ta Amurka ta amince da shi a 1994, ya zo da shimfiɗa iri uku: waya ɗaya tsakanin na'urori biyu, zobe, da saƙa mai na'urorin rarraba hanya.

Zobe ne ya fara cin kasuwa saboda arha. Na'urori har 126 na iya jeruwa a kansa, amma biyu kaɗai ke magana a lokaci guda, sauran su jira, tamkar rijiya mai guga ɗaya. Da an saka sabuwar na'ura kuwa, sai zoben ya tsaya cak ya sake raba adireshi. Bankin da ke tsakiyar hada-hada ba zai lamunci haka ba.

Abubuwa biyu suka ƙara rage masa kasuwa. A 2003 kamfanin VMware ya fito da vMotion, dabarar ɗauke aiki daga wata uwar garke zuwa wata ba tare da an kashe shi ba, kuma a lokacin sai dukkansu suna ganin rumbu ɗaya take yiwuwa, abin da ya ƙara cunkoson da zobe ba zai iya ɗauka ba. Daga baya faya-fayan filasha suka zo da saurin da layin jira ba zai ɗauka ba. Lokacin da gudun Fibre Channel ya kai gigabit 16 a 2011, an riga an ajiye zoben.

Saƙa ta bai wa kowace na'ura damar magana ba jiran kowa, amma da tsada, kuma kasuwar ta koma hannun kamfanoni biyu: Cisco da Brocade, wanda Broadcom ya saya a 2017. Shi ya sa da yawa suka karkata ga Ethernet, musamman bayan fitowar tsarin sadarwar ajiya na NVMe over Fabrics a 2016.

Nan damuwata take. Masu Fibre Channel sun saba gina saƙa biyu, A da B, waɗanda ko waya ɗaya ba ta haɗa su, domin kuskuren injiniya a ɗaya kada ya taɓa ɗayar. Masu neman rage kuɗi kan tura ajiya da sauran zirga-zirga kan saƙar Ethernet guda. Saiti ɗaya ya lalace, uwayen garke duka sun rasa faifansu a lokaci ɗaya.